Daga Jiratawa zuwa Tsibiri: wa ya ƙirga abin da ke cikin adaka?

Duk wanda ya taɓa riƙe shago a babbar kasuwar Maraɗi ya san ba a cewa an sayar da kashi ɗaya cikin biyar na kaya sai an san yawan abin da mota ta sauke tun farko. Wanda bai ƙirga buhunansa ranar sauke kaya ba, ranar lissafi sai kame-kame. Wannan magana ta kasuwa ita ce ta yi ta dawo mini a rai cikin kwana uku da na yi tsakanin Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, ina bin sawun wata tambaya da ta zo mini daga nesa.

Ga asalin tambayar. A shekarar 2011 ƙasashen Turai suka kafa wani shiri mai suna ENUMERATE, wanda aikinsa shi ne aika takardar tambayoyi ga gidajen tarihi da ɗakunan karatu da ma'ajiyar takardun gwamnati. Ana tambayar kowane gida: kaya nawa kuke ajiye da su? Nawa ne suka shiga rajista? Nawa aka ɗauki hotonsu ko muryarsu aka zuba cikin kwamfuta, abin da Faransawa ke kira numérisation? Nawa ne kuma mutum zai iya gani daga gidansa ta intanet? A ƙidayar 2017 gidaje kusan dubu suka ba da amsa, aka tarar kashi 22 cikin ɗari ne kawai na abin da suke riƙe da shi ya shiga na'ura. Wato Turawa, duk da kuɗinsu da wutarsu da ba ta ɗaukewa, ba su kai rubu'in aikin ba. Da na karanta haka sai na ce, to mu fa, mutanen kwarin Gulbin Maraɗi? Kashi nawa muke?

Na fara da Jiratawa, domin can ne wani ɗan kabu-kabu da na saba hawa babur ɗinsa ya ce kawunsa na da littattafan da ya gada. Garin yana kudu da Maraɗi, cikin gundumar Madarumfa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Kafin ka shiga gari korayen filaye ne ke tarbonka, ko da rani ya tsananta. Wannan shi ne gandun noman rani da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, kimanin hekta 500, wanda hukumar ONAHA ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma. Ruwan daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, waɗanda mutanen nan ke kira foraj, injin lantarki na turo shi cikin magudanai. Zogalar Jiratawa kuwa ba ta buƙatar talla, duk mai cin kwaɗo a Maraɗi ya san ta. A bakin hanya ga randuna da tuluna an jera, jajaye, suna jiran masu saye.

Abin da ya sa na tsaya a gandun shi ne, a nan kome a ƙirge yake. An san faɗin gonar kowa, an san rijiyar da ke shayar da shi, an san kuɗin ruwan da ake binsa bayan girbi. Wani magatakardan ƙungiya ya buɗe mini littafinsa, suna bayan suna, har da waɗanda suka rasu ƴaƴansu suka gaji filin. Kada wani ya ce mutanen karkara ba su iya lissafi ba. Inda aka ga amfanin ƙirga, ana ƙirgawa har ƙwaya.

Daga gandun zuwa zauren malamin taku kaɗan ne. Dattijo ne da ya haura saba'in, idonsa ɗaya ya fara yana. Bayan gaisuwa da ruwan sha, na faɗi abin da ke tafe da ni.

"Allah gafarta Malam, littattafai nawa ke cikin gidan nan?"

Ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, ai ba a ƙirga su. Na mahaifina ne, shi kuma na mahaifinsa."

Ya sa jikansa ya jawo wata adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Da aka ɗaga murfin, ƙamshin tsohuwar fata da ƙura ya cika zauren. A ciki akwai gafaka huɗu, da ɗaurin takardu marasa ɗinki kowane cikin tadarishinsa, an naɗe da tsirkiya. Wasu na sani tun ina makarantar allo, kafin a kai ni lakwal: Ahalari, Ishmawi, Risala, Ishiriniya, duka rubutun hannu da tawada baƙa da ja, gefen shafi cike da ƙananan bayanai na malaman da suka karanta su, wani da Larabci, wani da ajami. Na ɗaga warƙa guda na hanga ta da hasken ƙofa, sai ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar. Irin wannan takarda daga Italiya ake ƙero ta, ta sauka a Tarabulus, raƙuma su ratso Sahara da ita har ƙasar Hausa. Warƙar da ke hannuna ta yi tafiyar da ni ban taɓa yi ba.

Amma abin da ya fi kama hankalina ba manyan littattafan ba ne, domin irinsu na nan da yawa daga nan har Sakkwato. A ƙasan adakar akwai ƴan takardu warwatse: wasiƙa daga wani almajiri da ya tafi gabas, takardar rabon gado mai sunayen gonaki, lissafin bashin gero, da wata warƙa da aka rubuta shekarun yunwa da na annoba a jere, kowace da sunan da mutanen gari suka laƙaba mata. Waɗannan ba su da na biyu a duniya. Kuma su ne gara ta fi ci, saboda su ne a ƙasa. Kusurwar adakar ta yi tsatsa ta huje, abin da ke wajen ya zama gari.

Na fito da wayata na roƙi izinin ɗaukar hoto. Ya yarda da littattafan karatu, ya yarda da takardar gado bayan ɗan tunani. Da hannuna ya kai ga wani ƙaramin ɗauri mai baƙar fata sai ya dafe shi.

"Wannan kundi ne, ɗana. Ba ya shiga waya."

Ban ja da shi ba, kuma ina ganin da gaskiyarsa. Kundi sirrin malami ne, ana ba da shi hannu da hannu ga wanda aka yarda da shi. Duk mai zuwa da takardar tambayoyi ƙasar nan sai ya buɗe wani gurbi a cikinta domin abin da masu shi ba su so a ɗauka, in ba haka ba zai rubuta shi cikin aikin da ya rage, alhali ba aiki ba ne.

Washegari na kwana Maraɗi. Birnin nan ya taɓa rasa kansa sau ɗaya, ya kamata ya fi kowa sanin zafin abin. Tsohuwar Maraɗi, wadda Katsinawan da jihadi ya kora daga Birnin Katsina suka zauna a cikinta a zamanin Ɗan Kasawa, a cikin kwari take. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye ta, aka tashi garin aka mai da shi kan tudu, inda aka yanka masa tituna miƙaƙƙu da muke bi yau. Babu wanda ya rubuta yawan adakar da ta tafi da ruwan nan. Kuma ruwa bai tuba ba. Daminar 2024 ta rushe dubban gidaje a jihar Maraɗi, ta kashe mutane, a watan Satumba na shekarar kuma tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya zube ƙasa. Gidan laka da takarda abokan tafiya ne, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya bi shi.

Na leƙa wani ofishin gwamnati inda aka ce akwai tsofaffin rajistoci na zamanin Nasara. Ma'aikacin da na tarar mutumin kirki ne, ya nemo mabuɗi da kyar ya buɗe mini ɗakin. Rajistocin na nan, jibge a ƙasa, tare da karyayyun kujeru da tsohuwar fanka. Na tambaye shi ko an taɓa ɗaukar hotonsu. Ya ce an taɓa kawo na'urar ɗauka a ƙarƙashin wani shiri, an yi aikin wata biyu, shirin ya ƙare, wanda ya iya aikin aka yi masa canjin wuri, faifan da aka zuba hotunan a ciki kuma yana aljihun tebur amma ya daina buɗewa. To, ku ma'aikata masu karanta wannan shafi, ku gaya mini: a takardar Turawa, wannan ɗaki kashi nawa za a rubuta masa? An ɗauka, kuma babu.

Abin mamaki, da na koma masauki na buɗe intanet, sai na tarar tarihin Maraɗi mai yawa ya riga ya shiga na'ura, sai dai a wasu ƙasashe. Tawagar Kyaftin Tilho da ta yi aikin shata iyaka tsakanin yankin Faransa da na Ingila daga 1906 zuwa 1909 ta zo da wani tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da dattawan fada ya rubuta jerin sarakunan Katsina da na Gobir kamar yadda suka faɗa masa. Littattafan tawagar suna nan a intanet. Rubuce-rubucen Guy Nicolas, wanda ya shekara da shekaru yana nazarin al'adun wannan kwari, da yawa daga cikinsu ana karanta su kyauta a ma'ajiyar mujallun Faransa mai suna Persée. Littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maraɗi, wanda ya bi yadda cinikin gyaɗa da fataucin kan iyaka suka gina manyan gidajen kasuwanci na garin nan, shi ma cibiyar IRD ta sa shi a shafinta, kowa na iya saukewa. Na tabbata cikin masu karatunmu akwai jikokin mutanen da ke cikin littafin, waɗanda ba su taɓa jin labarinsa ba. Duka da Faransanci suke. A 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma Bahaushen Jiratawa da ke son karanta abin da kakansa ya gaya wa Landeroin sai ya nemi ɗan lakwal ya fassara masa.

A cikin gida kuwa, Yamai ce ta riƙe abin da aka tattara. Marigayi Bubu Hama, lokacin yana shugaban majalisar dokoki, ya sa an tara rubuce-rubucen Larabci da ajami daga sassan ƙasa, waɗanda daga baya aka miƙa wa cibiyar binciken IRSH. Sun kai kimanin dubu huɗu, kuma gidauniyar Al-Furqan ta birnin Landan ta buga jerinsu cikin juzu'i takwas tun daga 2004. Wannan shi ne irin wurin da tambayar Turawa ke da amsa, domin an san jimla, ana iya cire kashi. Haka cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 domin tattara tarihin baka, tana da faya-fayan muryoyin dattawa da maroƙa da aka ɗauka tun zamanin manyan na'urori masu zare. Amma Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, kuma adakar malamin Jiratawa ba ta cikin dubu huɗun nan. Irinta nawa ne a Jiratawa kaɗai? A Madarumfa fa, garin tabki da kaburburan waliyyai? A Safo, a Ɗan Isa, a Gabi?

Akwai kuma wani aikin ɗauka da ke gudana kullum, wanda babu hukumar da ke lissafa shi. A gefen tasha na zauna wurin wani yaro mai tura waƙoƙi a katin waya. A kwamfutarsa akwai kiɗan fada, da wa'azin malaman da suka daɗe da rasuwa, da waƙoƙin noma da na dambe, wasu an kwafo su daga kaset ɗin da wani ya kawo a leda. Da dala ashirin zai cika maka kati. Na tambaye shi wane ne ke waƙa a wani faifai da ya burge ni, ya ce shi dai "tsohuwar waƙa 14" ya tarar an rubuta. Ga murya ta tsira, sunan mai ita da garinsa da shekarar da ya yi ta sun tafi. Duk da haka ban raina yaron nan ba. Abin da ya ceto daga kaset ya fi abin da ofisoshi da yawa suka ceto.

Rana ta uku na nufi Tsibiri, arewa maso yamma da Maraɗi, nan kusa. Gobirawa suka kafa garin bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama, Mayaƙi ya tattara sauran jama'a ya zauna a nan. Na isa da hantsi, na tarar da fadawa zaune a inuwa. A nan tambayata ta ƙara rikicewa. Dukiyar Tsibiri ta tarihi, mafi yawanta ba a adaka take ba. Tana cikin tambura da kakaki, da sarautar Inna da abin da ke tattare da ita, da bakin maroƙan da ke jero sarakunan Gobir tun daga Alkalawa da Bawa Jangwarzo, kowane da kirarinsa. Wani dattijo cikinsu ya jero mini na kusan rabin awa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Da ya gama na tambaye shi:

"Baba, wa ya ɗauke wannan daga bakinka?"

Ya ce masu ɗauka sun zo ba sau ɗaya ba, Turawa da baƙaƙe, kowa da na'urarsa, amma bai taɓa jin muryarsa ta dawo ba. Na ce ɗansa fa? Ya ce ɗan yana Legas yana sayar da kayan waya, ya iya farkon, bai iya ƙarshen ba.

Yaya za a ƙirga wannan? Littafi ana cewa ɗaya, biyu. Dattijon nan shi kaɗai ɗakin karatu ne, kuma abin da ya faɗa yau ba daidai yake da na jiya ba, yakan ƙara, yakan rage, gwargwadon wanda ke zaune gabansa. Takardar Turai an tsara ta ne domin gidaje masu ƙofa da mabuɗi da ma'aikaci mai albashi. Gidajen tarihinmu na gaskiya zauruka ne da fadoji da kawunan tsofaffi.

Saboda haka ni a ganina, duk wanda ya zo yau ya ce kashi kaza na kayan tarihin Maraɗi ya shiga kwamfuta, a tambaye shi: kashi kaza na nawa? Aikin da ke gabanmu na farko ƙidaya ce, kuma ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Littafin rajista ne da biro, da mutum biyu da gari ya yarda da su, ɗaya mai karanta Larabci da ajami, ɗaya mai boko, su bi zaure zaure su rubuta: gidan wane, ɗauri kaza, littafi kaza, halin da yake ciki, an yarda a ɗauka ko ba a yarda ba. Kada a ɗauke wa kowa takardarsa, domin tsoron haka ne ke sa a rufe adaka in an ga baƙo. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin gari tun 2010, cike da samari masu neman abin yi lokacin hutu. Kuɗin mai da abincinsu na wata guda bai kai abin da alhaji ɗaya ke kashewa a bikin ɗiyarsa ba. Alhazan garin nan sun gina masallatai da makarantu ba adadi, Allah ya saka musu. Ban ga abin da zai hana ɗayansu ɗaukar nauyin ƙidayar kanto guda ba, ko da sabuwar adaka ce kawai zai saya wa kowane malami.

Ɗauka kuma, in lokacinta ya yi, a yi ta da sanin cewa na'ura ma tana mutuwa. A watan Janairu na 2013 aka ƙone rubuce-rubuce sama da dubu huɗu a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbutu, sauran dubban ɗaruruwa kuwa sun tsira ne domin iyalai da masu kula da su sun san abin da suke da shi, suka zuba a adakoki suka kai Bamako a ɓoye, ta mota da ta jirgin ruwa, daga baya aka zauna ɗaukar hotonsu. A watan Oktoba na 2023 kuma ɓarayin intanet suka kutsa cikin na'urorin babban ɗakin karatu na Ingila, aka yi watanni masu bincike ba su iya ganin abin da aka ɗauka ba. Idan hakan ta faru a Landan, faifai guda a aljihun tebur a Maraɗi ba ajiya ba ne. Sai kwafi a hannun mai littafi, kwafi a jami'a, kwafi a Yamai, kowane da suna da gari da shekara.

Kafin in bar yankin na sake biyawa ta Jiratawa da yamma, da littafin rajista da na saya dala ɗari a kasuwa. Muka zauna da malam da jikansa a kan tabarma, muka fito da kome. Jikan na karanto farkon kowane ɗauri, kakan na faɗin sunansa da wanda ya kwafe shi in ya tuna, ni ina rubutawa. Muka sami ɗauri 23, da warwatsattsun takardu 61, da guda uku da gara ta ci har ba a gane ko mene ne. Cikinsu na ɗauki hoton takwas da wayata. Kundin muka rubuta shi a layi na ƙarshe, ba tare da an kwance shi ba. Da aka kira magariba malam ya karɓi rajistar ya juya ta, ya sa jikan ya rubuta sunan gidan da ajami a bangonta, ya ɗora ta a saman littattafan ya rufe adakar. Ya ce in na sake zuwa in taho da wata, akwai maƙwabcinsa da ke da adaka biyu.